Hoton da Haliru Ya Aiko

Bayan la'asar, a zauren Bawa Magini,
inda azara ta yi baƙi don hayaƙi da shekaru,
waya ta yi ƙara. Haliru ne daga Penang:
"Baba, dubi gidan dangin mutanen Hokkiyan."

Na laluɓo tabarau.
Rufin ya lanƙwashe, ya ɗaga baki biyu
kamar wutsiyar tsattsewa za ta tashi.
A ƙololuwa, macizai masu ƙaho da gemu,
kore, shuɗi, ja.
Wai ɓawon jikinsu fasassun tangaran ne,
aka datsa da awartaki, aka liƙa ɗaya ɗaya.
Abin da muke sharewa mu kai juji
su sun ɗora shi sama, rana na gaishe shi.

Katako ya riƙe katako, ba ƙusa, in ji yaron.
Ciki, alluna jere, kowane da sunan kaka.
'Yan dako ne suka zo a jirgin ruwa da ƙunshi guda,
suka tara kwabo bisa kwabo
don baƙon gobe ya sami ƙofar
da zai tsaya ya ce, ni naku ne.

Ibadarsu tasu, tawa tawa.
Amma na san irin hannun da ya yi wannan.

Sai na ɗaga kai.
Ɗaurin gugar kakana na nan, bai sunkuya ba,
tubali bisa tubali, makuba ta sha damina ɗari.
Nan aka raɗa wa ubana suna,
nan aka raba gado ba a ji kanmu a Ƙofar Rini ba.
Zanko ɗaya ya faɗi bara,
indararo ya toshe, ciyawa ta yi gida.
Jiya Modi ya zo da ɗan kwangila,
suna auna bango da ido: shaguna shida.

Mu ba mu da alluna.
Sunayenmu na cikin yaɓe:
ga shatin yatsun Bawa kusa da alkuki,
na sa nawa a kai, nasa sun fi tsawo.

Na kira shi. "Wa ke gyara musu?"
"Jikoki, Baba. Kowa da abin da ya samu."

Na daɗe ban ce komi ba.
Har aka kira magariba ina lissafin
jaki nawa zai kawo jar ƙasa,
da wa, cikin 'ya'yanmu, ya iya cuɗa ta.