Ɗakin da Ba Ya Amsa Amo

A Sheffield, ƙarfe huɗu rana ta faɗi.
Ni ina ɗakin ƙasa, safar roba a hannu,
ina auna baƙin gari,
garin da ya fi kwalli laushi,
ƙwayoyinsa dubu ba su kai kaurin gashin gira ba.

Na kwaɓa shi da ƙaro da ɗan garin ƙarfe,
na gasa faifai.
Karo na talatin da bakwai ke nan.
Sauran sun tsage,
ko sun mai da igiyar iska kamar madubi.

Dattijo Pickering, mai kula da injuna,
ya ce, "Lantana, ba bango muke nema ba.
Bango mayarwa yake yi.
Muna neman abin da zai haɗiye."

Na tuna Baba a shagon gyaran rediyo,
mai kaya na zagi, shi yana narka dalma.
Maganar ta shige shi, ba ta dawo ba,
kunnensa kawai ya yi ɗumi.
Haka igiyar ke mutuwa cikin faifan,
ta zama ɗan zafin da hannu ba ya ji.

Yau layin allo ya nutse ƙasa.
Pickering ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Don gwaji na rufe wayata a akwatin,
minti arba'in, tsit.

Da na buɗe, saƙo ya faɗo:
Baba ya kira sau biyar.
Na haura bene da gudu,
na tsaya cikin yayyafi babu rigar sanyi,
ina ɗaga wayar sama.