Sukudireba Uku a Jidda

Ni ne Haladu mai gyaran esi a Karantina,
Shekara sha tara ban sake sana'a ba.

Iskar teku a nan gishiri take ɗauke da shi,
Babu sukurun da ta gani ba ta lasa ba.

Tsatsa ce alƙaliya a wannan gari,
Ba ta taɓa karɓar rantsuwar ɗan kasuwa ba.

Uku gare ni a jakar da nake ratayawa,
Kowace da halinta, ba zan rufa wa kowa ba.

Ta fari 'yar Jamus, riyal tamanin da biyar,
Salim Bayamale bai rage mini ko ɗaya ba.

Ya ce bakinta ya sha wankan wuta,
Wai ko jikana ba zai ga ƙarshenta ba.

Mariƙinta taushi kamar tafin jariri,
Na yini da ita, hannuna bai yi kanta ba.

Tana shiga kan sukuru ta zauna daram,
Kamar tela ya auna, bai kuskure ba.

Amma fa 'yar gata ce, ba ta son duka,
Ranar da na sa mata guduma ba ta yafe ba.

Mariƙin ya tsage tun daga wuya har gindi,
Na naɗe da salatif, Salim bai sani ba.

Ta biyu 'yar Japan, ƙarfenta ya ratsa
Ta cikin mariƙi har ƙeya, bai tsaya ba.

Ita in an doke ta sai ta ƙara nutsewa,
Tsohon sukuru ya juya ko bai so ba.

Ga maganaɗisu a baki, ta riƙe ɗan mitsitsi
Ina can ƙolin tsani, bai faɗi ba.

Aibinta nauyi, da santsi in gumi ya zubo,
Jidda kuwa ba ta taɓa rowar gumi ba.

Ta taɓa suɓuce mini daga bene na uku,
Ta lotsa motar wani, ban tsaya gaisuwa ba.

Ta ukun ba suna, rubutun ya goge,
Gadon maigidana ce, Usta Ɗanbaba.

Da ita ya tsallako a jirgin ruwa daga Sawakin,
Saye ya yi ko kyauta ce, bai faɗa ba.

Mariƙin katako, ya sha mai ya yi baƙi,
Bakin ya sha washi, ya sirance kamar kaba.

Gwajin ya zo a gidan Hajja Mardiyya,
Tsakar zafi, bayan azahar, ran Laraba.

Esinta ya mutu, jikoki suna ta kuka,
Sukuru huɗu jajur, ba a taɓa kwance su ba.

'Yar Jamus ta cire biyu cikin ladabi,
Ta zame a na uku, ba ta ji kunya ba.

'Yar Japan ta sha guduma ta fito da shi,
Na huɗu ya ce ko gobe ba zai fita ba.

Kansa ya shafe, sai na tsaga shi da zarto,
Na ɗauko tsohuwa, ita ba ta san girman kai ba.

Na danna da ƙirji, na yi bismillah,
Ya yi ƙara, ya juya, ni ban ankara ba,

Ashe bakinta ya ɓalle ya bar rabi.
Sukuru ya fito, ita ba ta fito lafiya ba.

Hajja ta ba ni riyal hamsin da ruwan sanyi,
Tana tambayar me ya sa fuskata ba ta saki ba.

A hanya yarona Zubairu ya ce wacce ta fi,
Don kuɗin da ya tara bai kai na biyu ba.

Na ce sayi 'yar Japan, ka ɗaura mata igiya,
In ka yi arziki ka ƙara ta Jamus a gaba.

Da dare na zauna da dutsen washi da ruwa,
Ina fitar wa guntuwa baki, ban runtsa ba.

Tsawonta yanzu bai fi ɗan yatsa ba, to,
Gobe da aiki a Bawadi, ba zan bar ta ba.