Ta Goma Sha Bakwai

Takarda ta sauko daga ofishin shugaban sashe
da hatimi biyu, ɗaya a karkace:
kafin ɗalibai su dawo daga hutu
a sauya wa kowace kwamfuta rai.
Su "tsari" suka rubuta. Ni ne na ce rai.

Sunana Nomau, mai ɗakin ƙarshen baranda,
wanda ba a tunawa da shi sai allo ya yi baƙi.
Na haye gada zuwa Harobanda da sassafe,
kile uku a aljihu, shayi da burodi a ciki.
Kogi ya janye, ya bar yashi da masu wanki.

Ashirin da uku ne.
Ta farko ta karɓa kamar mai ƙishi.
Ta biyar ta kai saba'in cikin ɗari
sai kuran ya ɗauke.
Na zauna cikin zufa ina kallon fuskata a gilashinta
har fanka ta sake juyawa,
muka koma sifiri, ni da ita.
Ta tara ta ce ƙwaƙwalwarta ba ta kai ba.
Na ciro ta wadda ta mutu bara na dasa mata.
Haka muke yi a nan,
matacciya ke ciyar da mai sauran numfashi.

Madam Tsahara sakatariya ta tsaya a kaina:
"Ka ɓatar mini da makin 'yan shekara ta biyu,
ka nemi garin da za ka kwana."
Na kwafa sau biyu tana gani.
Da na gama ta ce maɓallin da take dannawa shekara tara
ya tashi daga hagu ya koma tsakiya,
wa ya aike shi?
Ba ni da amsa.
Na'urar buga takardu ma ta yi kamar ba ta taɓa saninmu ba.

Sai ta goma sha bakwai,
ofishin Malam Arzika Barmu, Allah ya jiƙansa.
Tun azumin bara ba wanda ya kunna ta.
Kalmar sirri na manne a ƙarƙashin madannai:
sunan ƙauyensu da shekarar haihuwar autarsa.
Ta buɗe a hankali, kamar tsoho zai miƙe daga tabarma.
Fayil bisa fayil.
Kalmomin masunta. Sunayen gero talatin da ɗaya.
Muryar wata tsohuwar Dogon Dutsi
tana lissafa sassan rijiya, tana tari, tana dariya.
Da wani da ya raɗa wa suna
"ƙamus na ƙarshe na gaske, na huɗu".

Na kwashe, na zuba a sabuwa don gwaji.
Duk inda ƙ take, akwati.
Duk inda ɗ take, akwati. Ɓ kuwa alamar tambaya.
Haruffan da ya ƙera wa kansa tun ina firamare
sabon tsari bai san su ba.
Shafi dubu da ɗari biyu duk huji,
kamar gara ta bi ta kansu
tana zaɓen masu lanƙwasa kaɗai.

Na daɗe a kujerarsa. Tana kuka in an jingina.

A rahoto na rubuta: ashirin da biyu sun kammala,
ɗaya na jiran kayan gyara.
Ƙarya ce, Allah na gani.
Na zare mata wayar sadarwa, na rufe ta da zanen tebur,
na liƙa takarda: kada a taɓa.

Yanzu bayan la'asar, in baranda ta yi tsit,
tsohuwa a hagu, sabuwa a dama,
ina mayar da ƙugiyoyi mazauninsu.
Rabi na'ura ke yi, rabi sai ido,
don ya canja dabara sau uku bai gaya wa kowa ba.
Madam Tsahara ta kama ni ran Laraba.
Ba ta ce komai ba, ta jawo kujera,
tana karantowa ina dubawa.
Jiya ta tsaya a wata kalma ta ce
rabonta da jin ta tun bakin kakarta.
Mun kai shafi na tamanin da shida.
Litinin ɗalibai za su dawo.