Inda Na Wanke Famfo

Ni ne na wanke famfon feshi
a bakin tafki, bayan la'asar,
ranar da tsutsa ta cinye rabin kabejina.
Ruwa ya yi fari kamar an ɓarar da nono,
na kaɗa shi da ƙafa, ya baje,
na ce ruwa mai yawa ba ya riƙe dauɗa.

Kwalbar a kasuwar Madarunfa na saye ta,
teburin Ɗan Jimma, jaka biyu da rabi.
Rubutun jikinta ko ɗan lakwal bai iya karanta shi ba,
sai hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye.
Ya ce murfi ɗaya ya isa.
Na zuba uku,
bashin iri yana wuyana.

Mu nawa ne a wannan gaɓa?
Nomau mai zogale, Mantau mai tattasai,
kowa da famfonsa a baya kamar goyo,
kowa na cewa nasa ɗan kaɗan ne.

Barmo wana ne, ciki ɗaya.
Baba ya bar masa gora da taru,
ni ya bar mini fadama.
Da asuba ya shiga ruwa,
hantsi bai yi ba ya fito, taru a bushe.
Bai jefa ba. Me zai jefa wa?
Karfasa ce birjik a jikin kainuwa,
kowace ta juya farin cikinta sama.
Ran nan na ga farin cikin da ke sa babba kuka.

Tarwaɗa mai taurin rai
tana ta zagaye wuri ɗaya, baki a buɗe,
ta manta hanyar laka.
Yara suka cika kwanoni suna shewa,
Gwamma ta bi su da muciya
tana ƙwacewa tana zubarwa a rami.
Ita da ke ƙirga ko ƙaya.

Kwana tara murhun bandarta bai ga wuta ba.
Matan da ke zuwa sari daga Maradi
sun koma da daro a kife.
Balbela biyu muka binne bayan gamji.
Kwaɗi ma sun yi shiru da dare,
shirun ya hana ni barci.

Barmo bai ce mini komai ba.
Da ma ya zage ni.
Jiya ya aiko ƙaramar ɗiyarsa da tuwo,
miyar kuka ce, ba ko kan kifi a ciki.
Na ci loma biyu.
A hannunta na ga kwalbar nan,
an ɗauraye, an ɗaura mata igiya,
ta cika ta da ruwan sha.

Na karɓe, ta yi kuka,
na ba ta kan kabeji, na sake karɓewa.

Yau da safe na zaga lambu,
tsutsa ta dawo, kore shar a bayan ganye.
Famfo na rataye a reshen bedi.
Ranar Juma'a mai bashi zai zo.
Ina tsaye tsakanin kwami da tafki,
iska na kawo warin daga ɓangaren wana.