Layi Biyu a Littafin Dare

Ni ke riƙe da littafin ɗaki na uku
a asibitin nan na Marwa.
An ja mini layi da jan biro:
nan shekaru, nan ƙabila,
can gefe, inda gumin hannuna ya nannaɗe takarda,
a rubuta ko ya tashi, ko bai tashi ba.

Layin shekaru bai taɓa yi mini gardama ba.
Tsohuwar igiyar guga
ba ta son rijiya mai zurfi.
Na ga ƙirjin 'yan saba'in
yana hawa da sauka kamar zugazugin da ya huje,
ɗan ashirin kuwa ya yi tarin kwana huɗu,
ya tashi yana tambaya ina aka kai cajarsa.

Baba Hamajoda da na ce shekarunsa nawa,
sai da ya ciwo numfashi daga nesa:
"Shekarar da fara ta cinye gero aka haife ni,
sauran lissafi naki ne."
Na rubuta tamanin.
Allah ya yafe mini in na ƙara masa.

Layi na biyu ne ke hana ni gyangyaɗi.
Bafulatani, Babarbare, ɗan Mafa, ɗan Tupuri,
na jera su kamar buhuna a sito,
masu bincike na jira a ƙirga musu
su wa korona ta fi kayarwa.
Na ƙirga. Lallai wani tsibin ya fi wani.
Amma ni da ke juya su cikin dare
na kasa kunne a bayan kowa,
ban ji huhun da ke tari da Fulatanci ba.

Ga dai abin da na gani.
Matar da aka sauko da ita daga duwatsun Mokolo,
ɗaure da zane a bayan mai babur,
ta kwana tara tana shan sassaƙe
kafin a sayar da akuya a samu na hanya.
Likita ya tambaye ta da Faransanci,
ta dube ni, na dubi bango.
Har ta cika ba mu san ina ke mata ciwo ba.
Gidaidi kawai muka tsinta a bakinta,
ko sunanta ne, ko na ɗanta.

Alhaji Zubairu na Domayo kuwa,
minti goma ne daga zaurensa zuwa gadonmu.
Ya zo da katin ciwon sukarinsa a aljihu,
da ƙane mai lambar wayar kowa,
da tukunyar iska tasa ta kansa.
Ya girme ta da shekara shida.
Jiya ya aiko mana da kwandon mangwaro.

Kada in yi wa mutuwa ƙarya:
Wangba malamin lissafi, arba'in da ɗaya,
kusa yake, da kuɗinsa, da Faransancinsa,
hawan jini ya buɗe mata ƙofar baya.
Shi kam ban san layin da zan sa shi ba.

Don haka na ja nawa layin da fensir,
siriri, a bakin takarda:
kilomita nawa, kwana nawa a gida,
wa ya ji yarensa, wa ya biya.
Babu wanda ya sa ni.
Wataƙila a goge kafin littafin ya kai Yawunde.

Da asuba aka kawo wani dattijo.
Na ce, ƙabila?
Jikarsa ta ce uwarsa Giziga, ubansa Bahaushe,
matarsa Kotoko ce, a Kusiri ya girma.
Biro na tsaye a hannuna.
Shi ko ya ɗaga yatsa da ƙyar,
ya nuna tukunyar iska da ke jikin bango.
Na bar gurbin fari,
na tafi neman sifana.