Da'ira Ta Bakwai

A Bergen ruwan sama ba ya neman izini,
tun asuba yake dukan taga.
Hawa na uku, ƙarshen baranda,
Dakta Gunvor Espeland ta rataye rigar ruwanta,
ta kunna allo biyu, ta hura kofi.

Shekara talatin da huɗu
ta yi tana leƙa madubin likita,
har wuyanta ya haddace sunkuyon.
Yau madubin na gefe, lulluɓe da leda,
kamar tsohon da aka ce ya huta
alhali bai ce ya gaji ba.

A hawan ƙasa Sindre ya yanko tsoka,
yankan da ya fi ɓawon albasa sirantaka,
ya rina shi ruwan hoda da shunayya,
ya ɗora kan gilashi, ya miƙa wa sikana.
Abin da bai kai farcen jariri ba
ya hau allo ya zama ƙasa guda:
ga koguna, ga tsibirai, ga unguwanni,
kowane gida da ɗigon shuɗi a tsaka.

Kafin ta zauna, na'ura ta riga ta zaga gari.
Da'ira bakwai ta zana da kore.

Ta farko ƙura ce.
Ta biyu kumfar iska da ta maƙale.
Ta uku naɗi ne, wuƙa ta yi gardama.
Gunvor ta yi tsaki tana gogewa:
"Yarinya, ba kowane baƙi ne dare ba."
Haka take kiranta, yarinya,
don hunturu biyu ta yi tana koya mata,
tana zagaye ƙwayoyi da alƙalamin lantarki,
wannan lafiya, wannan ciwo,
wannan kuwa ni ma ban sani ba.
Ta huɗu, ta biyar, ta shida,
duk ihu ne babu kura.

Ta bakwai tana can bakin iyaka,
inda ido ke isa a gajiye,
in ma ya isa.
Ta jawo ta kusa. Ta ƙara jawowa.
Ƙwayoyi goma sha ɗaya sun cure wuri guda,
kawunansu manya, launinsu ya yi duhu,
kamar baƙin da suka sauka cikin dare
ba su yi sallama ba.

Kofi ya huce.
Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima,
sai dai ta san halin nata idon:
da ƙarfe huɗu na yamma ne,
bayan gilashi tamanin,
da ya wuce wannan lungu yana hamma.

Na'ura ta ce kashi tamanin da uku cikin ɗari.
Ba ta san lambar da ke saman allo
tana da gemu ba,
sunansa Oddvar Tveiten,
yana tuƙa jirgin fito tsakanin tsibirai biyu,
kwana tara wayarsa na aljihun ƙirji,
in ta motsa sai zuciyarsa ta riga hannunsa.
Ita ma ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.
Ta dai san cikinsa fiye da matarsa.

Ta aika a kawo mata gilashin kansa.
Ta yaye ledar, ta sunkuya,
wuya ya tuna hanya.
Suna nan. Ta sake ƙirgawa,
sha biyu ne.

Ta rubuta sunan a hankali,
sankara, tun tana rarrafe,
wadda wuƙar tiyata za ta iya cim ma.
A ƙasan takarda gurbi ɗaya ne na sa hannu,
na'ura kuwa ba ta da hannu.

Ta sa nata.
Sannan ta koma kan allo,
ta zagaye ta goma sha biyun da alƙalami,
ta ce, "Ga wadda kika tsallake,"
ba da faɗa ba.

A waje ruwa bai tsagaita ba.
Can bakin teku wani jirgi ya busa ƙaho, ya juya baki.
Saura gilashi sittin da ɗaya.