Fatar Ɗan Maraƙi

Shekara biyu a Jami'ar Maruwa
ina haddace sarakunan da suka mutu cikin sanyi,
ni da ban san ƙanƙara ba
sai a randar mai lemo.

Malam Hamajoda na son shafi goma
kan annobar da ɓeraye suka sauke daga jirgin ruwa.
Wuta ta ɗauke a shafi na huɗu.

Baba bai taɓa tambaya ba.
Shi dai ya biya kuɗin rajista
da hannun da bagaruwa ta rine.

Ran Asabar na ratsa yashin Kaliyawo zuwa majema
da hoton wani littafi a waya,
rubutun sufayen Nasara,
shekara ɗari takwas.
Ya goge hannu a wando, ya kai kusa da ido.
Bai dubi ruwan zinariyar ba, balle Latin ɗin.

"Fatar ɗan maraƙi ce.
Ga gefen gashi. Ka ga hudar nan?
Wuƙa ce ta zame wa mai kankara.
Ko yaro ne, ko yunwa yake ji.
Da a hannuna yake, da ya sha faɗa."

Marubucin kuwa ya kewaye hudar da alƙalami,
ya ci gaba da addu'arsa.

Na kwana ina neman sunan yaron.
Babu.
Baba ya ce kafin in gama digirin
in gano masa da me suka jiƙa ta,
tunda ba su da bagaruwa.